Tsohon Soja Da Ciwo Mai Naci

Greensboro wani gari ne a tsakiyar Jihar Karolina ta Arewa, cikin ƙasar Amurka. Da aka ƙidaya mutanensa a shekarar 2020 an sami 299,035. Tun asali garin bai rabu da sha'anin soja ba, gama sunan Janar Nathanael Greene aka sa masa, wanda ya kara da rundunar Ingila a Guilford Courthouse ran 15 ga Maris, 1781, a wani fili da yanzu gari ya riga ya cim masa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, wanda tsofaffi a ƙasar Hausa su kan ce wa yaƙin Hitila, an kafa wani babban barikin mayaƙan sama a cikin garin. Daga 1943 zuwa 1946 sojoji fiye da 300,000 suka bi ta nan, waɗansu don horo, waɗansu a kan hanyarsu ta ƙetare teku. Barikin ya daɗe da tashi, amma jihar ba ta rasa soja ba, sabo da manyan barikokin Fort Bragg da Camp Lejeune. Waɗanda suka tuɓe kaki suka zauna a cikinta sun haura 600,000.

Irin waɗannan mutane su ne Bahaushe ya ke ce wa tsofaffin sojoji. Mai koyon Hausa ya lura, "tsoho" a nan bai nuna shekaru ba. Saurayi ɗan shekara 25 wanda ya komo daga Iraƙi ya bar aiki, tsohon soja ne, daidai da dattijon da ya yi yaƙin Biyetnam. Gwamnatin Amurka tana da ma'aikata guda ta kula da su, wadda kowa ke kira da haruffa biyu, VA, kuma tana da asibitocinta na kanta. Tsohon sojan da ke zaune a Greensboro, in zai ga likita, yawanci yamma ya kan nufa zuwa Kernersville, tsakanin Greensboro da Winston-Salem, inda aka buɗe wani babban ɗakin shan magani a 2016. In abin ya fi ƙarfin nan sai a tura shi babban asibitin Salisbury. Akwai kuma wani a Durham, ta gabas.

To, me ya ke kai su? In ka ce harsashi ko nakiya, ka faɗi kaɗan daga ciki. Abin da ya fi yawa shi ne ciwon baya, da gwiwa, da wuya, da kafaɗa, da ciwon kai. Sojan ƙasa ya kan yi shekaru yana tafiya da sulke da bindiga da harsasai da ruwa, kayan da wani lokaci su kan kai kilo 40, yana tsalle daga mota, wani ma daga jirgin sama da lema. Jiki ba ya mantuwa da wannan. Wani bincike da Richard Nahin ya buga a 2017 ya nuna cewa wajen 65 cikin 100 na tsofaffin sojojin Amurka sun ce sun yi fama da ciwo cikin wata uku da suka wuce, kuma wajen 9 cikin 100 ciwonsu mai tsanani ne. Ga sauran jama'a kuwa masu ciwo mai tsanani ba su wuce 6 da ɗoriya ba.

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fanni. Akwai ciwo, wanda ya haɗa kome. Akwai zafi, irin na wuta ko na mari. Akwai raɗaɗi, irin na sabon yanka in ruwa ya taɓa shi. Akwai zogi, irin na maruru ko haƙori, mai zuwa yana komawa kamar bugun ganga. Akwai suka, akwai tsami, kamar yadda manomi ya kan ce jikinsa ya yi tsami bayan huɗa. Amma likitoci na yanzu sun fi kula da wani rabo dabam, watau tsawon lokaci. Ciwon sabon rauni ɗan aike ne, ya zo ya gaya maka ka cire hannunka daga wuta, ko ka hutar da ƙafar da ta karye. Rauni na warkewa, shi ma sai ya tafi. Wanda ya wuce wata uku yana nan, ko ya ƙi tafiya bayan nama da ƙashi sun haɗe, shi ne mu ke kira ciwo mai naci. Wannan wani abu ne dabam, maganinsa ma dabam.

Abin mamaki, a fagen fama aka fara gane haka sosai. Wani likita daga Jami'ar Harvard, Henry Beecher, ya yi aiki a Italiya lokacin yaƙin Hitila, har da bakin tekun Anzio inda aka yi mummunar ɓarna a 1944. Ya riƙa tambayar waɗanda aka kawo da manyan raunuka, ko suna son a ba su abin da zai kashe musu ciwo. A 1946 ya buga labarin mutum 215. Wajen uku daga cikin kowane huɗu sun ce ba su bukata, alhali ga ƙashi a karye, ga ciki ko ƙirji a huje. Bayan shekara goma ya gwada su da farar hula da aka yi wa aiki a asibiti, waɗanda raunukansu ba su kai na sojojin ba, sai ya ga wajen huɗu cikin biyar suna neman allura. Beecher ya ce bambancin yana ga abin da raunin ke nufi ga mai shi. Ga sojan, rauni hanyar fita ce daga wuta da ransa. Ga farar hula kuwa masifa ce ta faɗo masa yana zaman zamansa. Daga baya masana sun ƙara da cewa jiki da kansa yana fid da waɗansu sinadarai masu danne ciwo sa'ad da mutum ke cikin hatsari. Ko ta wace hanya aka bi, girman rauni da girman ciwo ba kullum su ke tafiya tare ba.

A 1965 Ronald Melzack, mutumin Kanada, da Patrick Wall, mutumin Ingila, suka kawo bayanin dalili. Suka ce saƙon ciwo ba ya tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa kamar waya. A cikin laka, watau jijiyar nan babba da ke bin ƙashin baya, akwai wani abu mai kama da ƙofa, tana iya buɗewa, tana iya rufewa. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe ka murza wurin, sai ka ji dama: saƙon murzar ya tare hanya. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umurni daga sama. Tsoro, da fushi, da rashin barci, da zaman kaɗaici su kan wangale ƙofar. Natsuwa, da aikin da ya ɗauke hankali, su kan saya ta. An gyara abubuwa da yawa cikin bayaninsu tun daga lokacin, amma gindin maganar ya tsaya. An kuma gane cewa in ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke ɗauke da shi su kan ƙara saurin ji, kamar karen gidan da ɓarayi suka taɓa shiga, wanda tun daga ran nan ko akuya ce ta gifta sai haushi. Haushin na gaskiya ne, maƙwabta ma suna ji. Ɓarawon ne babu.

Duk da wannan sani, an yi shekaru a Amurka ana fuskantar ciwo mai naci da ƙwaya. Ƙwayoyin da a ke magana su ne dangin ofiyom, irin su mofin da oksikodon. A 1996 aka fara sayar da OxyContin, masu shi suna ta cewa hatsarin kamuwa da shi kaɗan ne. A 1999 ma'aikatar VA ta umurci asibitocinta su riƙa tambayar kowane majiyyaci ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10, kamar yadda a ke auna zafin jiki da bugun jini. Niyyar mai kyau ce, don a da an yi sakaci da ciwon mutane. Amma in aka ce wa likita aikinsa shi ne ya sauko da lamba, ga layi a ƙofa, ga minti kaɗan gare shi, hanya mafi sauri ita ce ya ɗauki alƙalami. A 2012 tsofaffin sojoji fiye da 679,000 ke karɓar irin wannan ƙwaya daga VA.

Illarta ita ce jiki yana sabawa. Abin da ya isa bara, bana ba ya isa. Tana kawo taurin bayan gida da kasala da gyangyaɗi, in kuwa ta yi yawa, ko ta haɗu da giya ko maganin barci, sai numfashi ya tsaya. Wani bincike na 2011 ya nuna majiyyatan VA suna mutuwa ta hanyar shan magani fiye da kima, ba da gangan ba, kusan ninki biyu na sauran jama'a. An kuma tarar waɗanda firgitar yaƙi ke damu, watau masu mugayen mafarkai da zabura, su aka fi rubuta wa ƙwayar, su ne kuwa ta fi cutarwa. Wanda ya san arewacin Nijeriya ba zai ji wannan kamar labarin nesa ba. An ga abin da tiramol ya yi wa 'yan ga-ruwa da leburori da 'yan acaɓa masu sha don su jure aiki, kuma sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

A 2013 VA ta fara wani shiri na rage ƙwayar. Jihar Karolina ta Arewa ma ta yi doka a 2017, cewa in sabon ciwo ne kada likita ya rubuta fiye da na kwana 5 a karon farko, in bayan aikin fiɗa ne kwana 7. Sa'an nan a 2018 wata likita a asibitin VA na Minneapolis, Erin Krebs, ta buga sakamakon gwajin da ya kamata a ce an yi shi tun da wuri. Ta raba mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko ƙugu ko gwiwa gida biyu, waɗansu aka ba su dangin ofiyom, waɗansu aka ba su magungunan da ba su da shi, aka bi su shekara guda. Masu ofiyom ba su fi sauran iya harkokinsu ba, ciwonsu ma ya ɗan fi, kuma sun fi kukan illar magani. Ya zuwa 2020 adadin masu karɓar ƙwayar a VA ya sauko zuwa wajen 247,000.

To, in an karɓe wa mutum ƙwaya, me za a miƙa masa? Amsar ta riga tambayar zuwa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam, Wilbert Fordyce, yana aiki a asibitin Jami'ar Washington a Seattle, ya ce tun da ba shi da hanyar ganin ciwon wani, bari ya dubi abin da ciwon ke sa mutum ya yi: kwanciya, ɗingishi, nishi, neman ƙwaya, barin aiki. Ya lura cewa duk halin da a ke saka wa da alheri ya kan ƙaru. In mutum bai samun kulawar iyalinsa sai ya yi nishi, bai samun hutu sai ciwo ya kayar da shi, bai samun ƙwaya sai ya ce ya kai maƙura, to ba da saninsa ba rayuwarsa duka ta koma tana kewaya ciwon. Fordyce bai ce masu ciwo ƙarya su ke yi ba. Ya dai juya tsarin: magani a kan lokaci, ana ragewa da yardar majiyyaci, tafiya gwargwadon abin da aka yanka, hutu bayan an cika aiki. Mutanen da suka yi shekaru a kan gado suka tashi. Littafinsa ya fito a 1976. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara masa sashen tunani, bisa koyarwar Aaron Beck, cewa abin da mutum ke gaya wa kansa yana juya yadda ya ke ji. Ɗaya daga cikin manyansu yana nan kusa da Greensboro, a Jami'ar Duke da ke Durham, watau Francis Keefe, wanda a 1990 ya nuna amfanin koya wa masu amosanin gwiwa dabarun jimre wa ciwo, a 1996 kuma ya gwada koya musu tare da matansu ko mazansu. Haɗin nan na gyaran ɗabi'a da gyaran tunani shi ne a ke taƙaita sunansa da haruffa uku, CBT. A 2012 VA ta fara horar da ma'aikatanta a kansa ko'ina cikin ƙasar, aka kuma rubuta musu littafin jagora.

Tsarin ba shi da tsawo. Zama goma sha biyu ne, yawanci sau ɗaya a mako, kowane zama bai cika sa'a guda ba. Akwai kuma gajere na zama shida. Babu allura, babu na'ura, sai magana da takarda da aikin gida. Bari mu ƙaddara ga wani tsohon soja mai shekara hamsin da ɗoriya, bayansa ya shekara goma yana damunsa, ya zo daga Greensboro. Zaman farko da na biyu tambaya ce da bayani. A na uku a kan yi masa tambayar da watakila ba a taɓa yi masa ba a asibiti: me ciwon nan ya ƙwace maka wanda ka ke so ka karɓo? In ya ce yana so ciwon ya tafi, sai a ce masa ba a yi masa wannan alkawari ba. A neme shi da abin da za a iya ƙirgawa, kamar ya taka zuwa wurin ibada, ko ya zauna har jikansa ya gama wasan ƙwallo, ko ya koma kamun kifi. Gaisuwar Hausa ta san wannan bambanci. In ka tambayi mara lafiya, "Yaya jiki?" zai ce maka, "Da sauƙi," kai kuma ka ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Sauƙi dabam, warkewa dabam, kuma sauƙi a ke nema a wannan ɗaki.

Darasin da ya fi kowanne nauyi, a ganina, shi ne na auna aiki. Masu ciwo mai naci su kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Na farko shi ne tsoron motsi. Mutum ya sunkuya ya ji suka, sai ya ɗauka wani abu ya sake tsagewa, sai ya bar sunkuyawa, ya bar tafiya, ya manne wa kujera. Cikin 'yan watanni naman jikinsa ya saki, gaɓoɓinsa sun ƙage, ƙiba ta hau, har ɗan aikin da a da ba ya ji yanzu ya zama azaba. Sai ya ce ka gani, ai dama na faɗa. Rami na biyu shi ne na soja musamman. An horar da shi tun yana saurayi cewa namiji ba ya kuka, aikin da aka fara sai an gama, wanda ya tsaya ya ci amanar abokansa. Wannan ita ce dauriya, kuma a fagen daga tana ceton rai. Amma ka dubi yadda ta ke yi masa a gida. Ran da ya tashi da dama-dama sai ya ce yau zai rama duk abin da ya wuce shi. A can mai gida da kansa ke yanke ciyawar ƙofar gidansa da inji, sabo da haka sai ya yanke ta duka, ya wanke mota, ya gyara shinge, yana cije leɓe. Kashegari ba ya iya tashi, haka jibi, haka gata. Ya sami yini ɗaya ya biya da uku. In ya farfaɗo sai ya sake, kuma kowane zagaye ya kan bar shi ƙasa da inda ya ke.

Dabarar ita ce a karɓe hukunci daga hannun ciwo a ba agogo. A ce ya gwada ya ga yana iya tura injin ciyawa minti 15 kafin bayansa ya tashi. To sai a yanka masa ƙasa da haka, a ce minti 10, sa'an nan hutun minti 5, sa'an nan ya koma. In agogo ya buga ya tsaya, ko da yana jin ƙarfi kamar doki. In hutu ya cika ya tashi, ko da bai ji daɗi ba. Tafiya ma haka, a fara da abin da zai iya ko a ranar da ta fi muni, a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu a mako, yana rubutawa a takarda. Da wuya a sami abin da ya fi ba tsohon soja haushi kamar a ce ya ajiye aiki rabi alhali da sauran ƙarfinsa. Sai dai akwai wani abu a horonsa da ke taimako, wato ya san bin oda, ya kuma san rundunar da za ta yi doguwar tafiya tana tsayawa a kan lokaci tun kafin a gaji. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. In ya dage, sai ya ga a ƙarshen mako ya yi aikin da ya fi na da, bai kuwa kwanta ba. Abin da ya fi wannan, jikinsa ya fara koyon cewa jin zafi ba kullum ke nufin ana ɓarna ba. Karen nan ya fara rage haushi. Tilas dai likita ya riga ya duba ya tabbatar babu wata cuta mai ci a ɓoye, kafin a kai ga wannan mataki.

Sa'an nan a koya masa sassauta jiki. Mai ciwo ya kan ɗaure naman jikinsa bai sani ba, kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, ɗaurin kuwa yana ƙara ciwon. A kan koya masa numfashi daga ciki, a hankali, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a tumbi, har na tumbin ya fi motsi. Akwai kuma wata dabara da likita Edmund Jacobson ya bayyana tun 1929, ta matse naman jiki sashe sashe na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan a saki, daga ƙafa har goshi, don mutum ya gane bambancin ɗauri da saki. Zama biyu kuma a kan ba abubuwan jin daɗi, a sa shi ya rubuta su a ranakun mako kamar yadda ya ke rubuta ranar ganin likita, gama wanda ya daɗe da ciwo ya kan yar da abokai da wasa da sana'ar hannu ɗaya bayan ɗaya, har ba abin da ya rage masa ya saurara sai bayansa.

Sashen tunani shi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Ba a ce masa ya yi tunani mai daɗi ba. A kan ce ya kama maganar da ta fara faɗo masa sa'ad da ciwo ya tashi, ya rubuta ta. Sau da yawa irin su ne, "Shi ke nan, na gama yawo," ko, "Na zama kaya a kan iyalina," ko, "Wannan karon ba zai sauka ba." Sai a bi ta kamar yadda alƙali ke bin da'awa, ina shaida? Sau nawa ya tashi haka a bara? Sau nawa ya sauka? Kwana nawa ya kan ɗauka? Daga nan ya rubuta wata magana wadda ta fi kusa da gaskiya, kamar, "Ya tashi, ya kan yi kwana biyu, na san abin da zan yi kafin nan." Bincike da yawa ya nuna cewa masu hango masifa a duk motsin ciwo sun fi naƙasa da shi fiye da waɗanda raunin su ɗaya amma ba su yin haka. Barci yana da nasa zama guda: lokacin tashi ɗaya kowace rana, a rage barcin rana da gahawa, in barci ya ƙi zuwa a bar gadon har ya zo.

Iyali ma suna da hannu a ciki, kuma nan abin ya kan yi tauri. Matar da ke son mijinta ita ce za ta ce masa zauna, bari in ɗauko maka. A ƙasar Hausa, inda dubiya da "sannu" hakki ne a kan kowa, da wuya a ce wa mutum ya rage tausayi. Ba a kuma ce haka ba. An ce ne a karkatar da shi, ta tambaye shi minti nawa ya taka yau maimakon yaya bayan, ta kuma bar shi ya ɗauko ruwansa da kansa.

Yanzu sai tambayar da ta wajaba: yana aiki? Yana yi, amma ba kamar yadda mai talla zai so ba. A 2020 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 75 na mutum 9,401, ta ce CBT yana rage ciwo da naƙasa da damuwa, sai dai in aka ɗauki matsakaici ragin ƙanƙane ne. Matsakaici kuwa ya kan ɓoye abubuwa, akwai wanda rayuwarsa ta sake, akwai wanda bai ga kome ba, akwai wanda ya bari tun zama na uku. Abin da ke gare shi shi ne ba ya tsayar da numfashi, kuma abin da aka koya ba ya ƙarewa kamar kwalba. Ana kuma neman abin da ya fi shi. A 2024 Brandon Yarns da abokan aikinsa a VA ta Los Angeles suka gwada shi da wata hanya wadda ke sa mutum ya fuskanci baƙin ciki da fushin da ya binne, a kan tsofaffin sojoji 126 masu shekara 60 zuwa sama. Waɗanda ciwonsu ya ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye sun kai 63 cikin 100 a sabuwar hanyar, 17 kawai a CBT. Gwaji ɗaya ne, a wuri ɗaya, amma ya dace da abin da aka daɗe ana gani, cewa ga mutumin da ya ga yaƙi, ciwon baya da abin da ke hana shi barci sau da yawa a ɗaure su ke da igiya ɗaya.

Akwai kuma wani kuskure da aka yi wanda bai kamata a rufe shi ba. Da iska ta juya, waɗansu likitoci suka yanke wa mutane ƙwaya farat ɗaya, mutanen da suka shekara goma a kanta. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka. A 2020 wani bincike a kan majiyyatan VA ya nuna cewa bayan an tsayar da ƙwayar hatsarin mutuwa ta hanyar shan abin da ya wuce kima, ko kashe kai, ya kan hau, kuma ya fi hawa ga waɗanda suka fi daɗewa suna sha. Sabo da haka wanda ke kanta ba ya barinta da kansa. Ragewa sai a hankali, da likita, da yardarsa. Tsohon sojan da aka yanke wa magani jiya, yau aka ce ya je ya ga masanin halayya, yana da dalili in ya yi zaton ana nufin ciwonsa a ka ya ke, ko kuwa gwamnati na tsimin kuɗi ne. In ba a kawar masa da wannan zato a zaman farko ba, ba zai zo na biyu ba.

Nisa ma wata matsala ce. Mai ciwon baya da zai zauna a mota daga wani ƙauye a bayan Greensboro zuwa Kernersville, ya komo, sau goma sha biyu, tafiyar kaɗai ta isa ta tayar masa da ciwon. A 2017 Alicia Heapy da abokan aikinta a VA ta Connecticut suka gwada tsofaffin sojoji 125, rabi suna zuwa asibiti, rabi suna gida da littafi da na'urar ƙirga taku, waya tana kiransu kullum suna amsa 'yan tambayoyi, ma'aikaci kuma yana aiko musu da saƙon murya sau ɗaya a mako. Na gida ba su gaza na asibiti ba, sun ma fi su cika darussan. Tun daga annobar korona ta 2020 yin zaman ta hoton bidiyo ya zama ruwan dare.

A zama na goma sha ɗaya a kan sa mutum ya rubuta abin da zai yi ran da ciwo ya tashi da ƙarfi, don lalle zai tashi: wace dabara zai fara da ita, nawa zai rage tafiyarsa ba tare da ya bar ta ba, wa zai kira, wace alama ce kuma in ya gani zai nufi likita nan da nan, kamar ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Takardar tasa ce, ya tafi da ita gida. Bayan kamar wata guda ya komo zama na goma sha biyu, a buɗe littafin tafiyarsa tare, a ga inda mintocin suka tsaya.